Ruwa Ɗaya a Gidan Tudu

Tankin kifi huɗu gare ni a Valparaíso,
a gidan da ya maƙale wa tudu yana leƙen teku.
Na falo na Otilia ne, ta rasu ta bar mini jajayen kifayenta.
Na kicin nawa.
Na baranda na Facundo, da ya bi aikin haƙar tagulla arewa,
ya ce wata shida, ga shekara ta bakwai.
Ƙaramin na jikata Maite: kifi biyu da dodon koɗi.

Kowace Asabar bokiti goma sha shida,
in kwashe, in zuba, in wanke soso huɗu,
har ƙuguna ya ce, Eleuterio, ni dai na ajiye aiki.

Sai na gangara shagon da ke bayan tashar jiragen ruwa,
na sayo bututu mita goma sha ɗaya,
gwiwa tara, bawul huɗu,
da gam mai warin da ke sa ido hawaye.

Gilashi ba ya son gaggawa.
Kana huda, kana ɗiga masa ruwa, kana lallashi.
Uku na huda lafiya lau.
Da na zo kan na Otilia hannuna ya ƙi tsayawa,
sai da na sha shayi, na dawo.

Ƙarƙashin matakala na kafa uwar matata:
ɗaki na fari soso, na biyu tsakuwa,
na uku injin da ke mayar da ruwa sama.
Na kunna. Bututu ya yi tari, ya yi gyatsa,
sannan gidan duka ya ɗauki gunaguni ɗaya.

Daren Laraba ƙasa ta ɗan motsa, yadda ta saba,
wuta ta ɗauke, inji ya yi shiru,
ruwan sama kuwa ya tuna hanyar da ya hau, ya juyo.
Matata ta cika ta batse.
Doña Herminia ta ƙasa ta dinga dukan silinta da sandar tsintsiya,
ni ina tsugune cikin duhu da tawul.
Maganin abin ashe huji ne kamar ƙwayar shinkafa,
a wuyan bututu, dab da fuskar ruwa,
iska ta shiga ta raba gardama.

Wata biyu ruwa garau, ƙugu ya huce.

Ran nan Maite ta shigo da gudu, leda a hannu,
kifi mai launin lemo daga kasuwar Lahadi.
Na san ka'ida. Na kalli fuskarta. Na juye.
Kwana biyar, sai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri,
a nata tukuna, sannan kicin, sannan baranda.
Na bi bawul ina rufewa, cuta ta riga ni wucewa.
Goma sha ɗaya na tsamo da cokali.
Na ƙarshe shi ne tsohon Otilia mai yagaggen wutsiya,
wanda take ƙwanƙwasa wa gilashi da zobe.
Maite ta ce, Kaka, ni ce?
Na ce a'a, ni na haɗa bututun.

Yanzu akwai tanki na biyar a banɗaki,
ba ya haɗe da kowa.
Baƙo yakan yi mako huɗu a nan kafin ya ga dangi.

Bututun dai ban cire ba.
In barci ya ƙi, nakan bi shi da kunne ta cikin bango,
daga falo zuwa matakala, daga matakala zuwa baranda.
Jiya na kira Facundo, ana hayaniyar injuna a bayansa.
Na ce, ruwan tankinka yana ratsa na mahaifiyarka.
Ya ce, me? Ba na ji sosai.
Na kara wayar a jikin bututu.